Ciwon hanta nau'in C bayan dashen ƙoda: a fara magani ko a dakata?

Baban Hanifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙoda a cikinmu. Yayana ya daɗe ana yi masa wankin ƙoda kafin Allah ya nufa a yi masa dashe bara, ƙanwarmu ce ta ba shi ƙodar, kuma jikinsa ya karɓe ta, kumburin ƙafa ya saɓe, fitsari yana fita yadda ya kamata. A gwajin da aka yi masa kwanan nan sai aka ga sinadaran hanta sun ɗan hau, da aka ƙara bincike takarda ta nuna ciwon hanta nau'in C. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne kafin dashen an gwada shi an ce ba shi da shi, ita ma ƙanwarmu an gwada ta ba ta da shi. Yanzu gida ya rabu biyu, wasu na cewa a fara magani ba tare da ɓata lokaci ba, wasu na cewa maganin hanta yana lalata ƙodar da aka dasa, gara a bar shi haka. Matarsa kuma ta ware masa kwano da kofi, wanda na lura ya fi ciwon kansa damunsa.

Ɗan Azare, ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaya lafiya. Kafin a kai ga batun magani, ka duba takardar ka gaya mana wane gwaji aka yi, domin gwajin iri biyu ne kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Na farko shi ne wanda ake ɗiga jini a kan ɗan tsinke a jira layi ya fito, ko makamancinsa da ake yi da na'ura, kuma abin da yake nema shi ne garkuwar da jiki ya ƙera bayan ya haɗu da ƙwayar cutar. Wannan kamar sawun ɓarawo ne a ƙofar gida, ya nuna an shigo, amma bai nuna ko har yanzu yana ciki ba. Kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu jikinsu yana kawar da ƙwayar da kansa cikin wata 6, amma tsinken zai ci gaba da nuna layi biyu. Na biyu shi ne gwajin PCR, wanda yake neman ƙwayar kanta a cikin jini ya kuma ƙirga yawanta, shi ne kaɗai zai tabbatar da cewa ciwon yana nan.

Game da mamakin da kuka yi, abin yana da bayani. Garkuwar takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, alhali PCR yana ganin ƙwayar cikin mako 1 zuwa 2 da kamuwa. Mai wankin ƙoda kuma garkuwar jikinsa tana da rauni, saboda haka yana yiwuwa ya ɗauki cutar amma tsinken ya ce babu. Shi ya sa ga wanda ake shirin yi wa dashe, ko wanda yake shan magungunan danne garkuwa, ba a dogara da tsinke shi kaɗai.

Baban Hanifa:
Na gode, Malam. Na duba, na tsinken aka yi. An rubuta mana PCR ɗin, amma muka ɗan jinkirta saboda kuɗinsa, muna ganin tunda an riga an gano ciwon ba sai an sake kashe kuɗi ba.

Ɗan Azare:
Kada ku tsallake shi. Ba za a sa mai sabuwar ƙoda a kan maganin wata 3 ba alhali ba a tabbatar ƙwayar tana jikinsa ba, kuma da shi za a auna nasarar maganin daga baya.

Maman Abba, Jekadafari:
Ni ba na ko shakka a wurin wankin ƙoda ya ɗauko. Maigidana yana kan wanki yanzu haka, kuma da idona nake ganin yadda ake sauke wani daga na'ura a ɗora wani kafin kujerar ta huce. Idan ana so a yi adalci, duk mai ciwon hanta a ware masa na'urarsa da ɗakinsa, kada a haɗa shi da sauran mutane. Mutum ya zo neman lafiyar ƙoda ya koma gida da ciwon hanta, wannan ba daidai ba ne, kuma ba wanda zai fito ya ce laifinsa ne.

Sista, ma'aikaciyar jinya daga Bauchi:
Hajiya, ƙorafinki yana kan hanya, domin a duk duniya masu wankin ƙoda sun fi sauran jama'a kamuwa da wannan ciwo. Amma bari in faɗa miki inda haɗarin yake, tunda aikina ke nan. Jinin majinyaci ba ya shiga cikin na'urar, yana bin robobi ne da matata, waɗanda ake jefarwa bayan an gama. Ƙwayar tana tafiya ne ta hannu da kayan aiki. Ma'aikaciya ta danne wa wannan wurin allura da auduga, na'urar wancan ta yi ƙara, ta ruga ta danna maɓalli ba ta sauya safar hannu ba. Ko kuma kwalbar maganin hana jini daskarewa guda ɗaya a riƙa zuƙa daga cikinta ana yi wa mutum uku. Ko teburin da ake turawa daga gado zuwa gado, an ɗora almakashi da filasta a kai, akwai ɗigon jinin da ido ba ya gani, kuma ƙwayar tana iya rayuwa kwanaki a kan busasshen wuri. Saboda haka ƙa'idojin ƙungiyar likitocin ƙoda ta KDIGO, na 2018 da gyaran 2022, ba su ce a ware na'ura ga mai nau'in C ba. Abin da suka nanata shi ne wanke hannu, sauya safa tsakanin majinyata, goge na'ura da kujera kafin a zaunar da wani, haɗa allurai a wuri na daban, da gwada kowane majinyaci duk wata 6. Mai nau'in B shi ne ake warewa, domin ƙwayarsa ta fi yawa a jini kuma ta fi saurin yaɗuwa.

Sannan kada mu manta da ƙarin jini. Mai ciwon ƙoda jininsa yana yawan yin ƙasa, allurar da ke ƙara jini tana da tsada, sai a koma ga ledar jini. Idan da tsinke kawai aka tantance jinin, wanda ya bayar kuma sabon kamu ne, to zai wuce ba a gani ba.

Maman Abba:
Sista, na ji bayaninki, amma ban sauka daga ra'ayina ba. Waɗanda suka rubuta ƙa'idar nan suna da ma'aikata isassu da safar hannu kwali-kwali. A inda ma'aikaciya ɗaya take kula da mutum biyar, wani lokaci ma majinyaci ne zai sayo safar da kuɗinsa, ware na'ura ya fi zama abin da za a iya yi kuma a gani da ido.

Sista:
Ban ce warewa laifi ba ce, cibiyoyi da yawa a ƙasar nan suna yi. Tsorona shi ne idan an ware sai hankali ya kwanta, a ɗauka sauran duk lafiya suke, alhali kamar yadda Malam na Azare ya faɗa, akwai wanda yake ɗauke da ƙwayar tsinke bai nuna ba, kuma yana zaune a ɓangaren da ake kira mai tsabta. Ke dai kina da haƙƙin ki tambaya ko an goge kujera, ki kuma nemi a sauya safa kafin a taɓa maigidanki, ba rashin kunya ba ne.

Malam Ɗan Kumo:
'Ya'yana, ku bar dattijo ya sa baki. Maganar da 'yan gidan suka yi cewa maganin hanta yana kashe ƙodar dashe ba daga iska suka ɗauko ta ba. A shekarun baya mun ji ana yi wa masu wannan ciwo wata allura duk mako, mutum ya yi ta zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kusan shekara, kuma likitoci da kansu suna hana masu dashe ita. Ni a ganina tunda yaron yana cin abinci yana fita, idonsa bai yi shawara ba, a lallaɓa shi da abin da muka gada na gargajiya, a bar ƙodar ta zauna lafiya. Kuma kada a ɗora wa asibiti komai, wanzami ma yana nan, askar da ya yi wa wani ƙaho da ita yake yi wa wani, haka masu yankan farce da ke yawo a tasha.

Dakta, likita a Gombe:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka tuna gaskiya ne, kuma maganarka kan aska da ƙaho da yankan farce ma gaskiya ce. Allurar da kake nufi ita ce intaferon, ana haɗa ta da ƙwayar ribabirin, ana shan wahalarsu mako 24 zuwa 48. Aikin intaferon shi ne zaburar da garkuwar jiki, mai dashe kuwa kullum ana danne garkuwarsa ne don kada ta far wa baƙuwar ƙoda, saboda haka idan an yi masa allurar jiki yakan ƙi ƙodar. Ribabirin kuma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, yana taruwa a jikin wanda ƙodarsa ba ta tacewa sosai. A wancan zamani mai dashe da ya kamu da nau'in C kusan ba shi da mafita. Amma wancan zamani ya wuce. Tun da aka amince da sofosbubir a Amurka a ƙarshen 2013, aka samu jerin ƙwayoyi da suke kai wa ƙwayar cutar hari kai tsaye ba tare da sun taɓa garkuwar jiki ba. Ana shan su mako 12, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 suna warkewa sarai, masu dashen ƙoda ma haka. Waɗanda aka fi samu a wajenmu su ne sofosbubir da daklatasbir, ko sofosbubir da belpatasbir a ƙwaya ɗaya, kuma suna aiki a kan dukkan jinsunan ƙwayar.

Inda zan saɓa maka, Baba, shi ne batun jira. Wannan ciwo ba ya yin shela. Mutum zai yi shekaru yana cin tuwonsa, hanta tana yin tabo a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na masu ɗauke da shi hantarsu takan ƙandare cikin shekara 20. Wannan lissafin na masu cikakkiyar garkuwa ne. Wanda yake shan magungunan danne garkuwa irin takrolimus da firednisolon, ƙwayar tana samun sarari ta hayayyafa, tabon yana iya sauri, akwai ma wani nau'in kumburin hanta mai tsanani, ko da yake ba kasafai ba, da ke zuwa da shawara cikin watannin farko bayan dashe. Kuma ba hanta kaɗai ba. Nau'in C yana ƙara haɗarin ciwon suga bayan dashe, wanda takrolimus ma yana jawowa, sannan yana iya kumbura matatan sabuwar ƙodar har furotin ya fara zuba a fitsari. Saboda haka wanda ya bar ciwon don ya kare ƙodar, ƙodar yake jefawa cikin haɗari.

Baban Hanifa, ga abin da nake ganin ya dace, amma likitan ƙodar da ke bin yayanka shi ne mai yanke hukunci domin shi ya san awonsa. A yi PCR. Idan ya tabbata, a gwada nau'in B da ƙanjamau kafin a fara, domin maganin C yana iya tayar da B da ke kwance, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan haka a 2016, kuma a ƙasarmu B ya fi yawa nesa ba kusa ba: binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 8.1 na B da kashi 1.1 na C a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 64. A duba ko hantar ta yi tabo, ta awon jini da hoto. Sannan a riƙa auna takrolimus a jini lokacin magani da bayansa, domin idan hanta ta fara murmurewa takan ƙara saurin sarrafa shi, sai ya ragu a jini ba a sani ba, kuma nan ne ƙoda take shiga matsala. Mako 12 bayan an gama shan maganin a sake PCR, idan ba a ga ƙwayar ba to an warke.

Malam Ɗan Kumo:
Dakta, na gamsu da bambancin tsohon magani da sabo. Amma me zai hana a haɗa da saiwa ko sassaƙe, tunda mun ga suna wanke shawara?

Dakta:
Baba, ga mai ƙoda biyu lafiyayyu ma ina jin tsoron jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, balle mai ƙoda ɗaya ta aro. Takrolimus magani ne da tazarar da ke tsakanin amfaninsa da cutarwarsa ƙanƙanuwa ce, idan ya yi yawa ya ƙona ƙodar, idan ya yi kaɗan jiki ya ƙi ta. Akwai tsirrai da aka tabbatar suna sauya yawansa a jini, har wani nau'in lemo mai ɗaci da ake kira garehul ana hana masu dashe shansa saboda haka. Shawara kuma sau da yawa tana washewa da kanta, sai a yaba wa jiƙon, ƙwayar kuwa tana nan.

Mai harhaɗa magunguna, Bajoga:
Ina so in ƙara a kan abin da Dakta ya faɗa, domin ta hannunmu magungunan suke bi. Kwalba ɗaya ƙwaya 28 ce, mako 12 kwana 84 ne, wato kwalba 3. Abin da na fi gani yana ɓata magani shi ne a sayi kwalbar farko, kuɗi ya yanke, a yi makonni ba a sha ba. Idan dangi za su haɗa kuɗi, su haɗa na ukun gaba ɗaya kafin a haɗiyi ta farko, kuma a saya a wurin da aka sani, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sannan a kwaso duk magungunan da yake sha a leda a kai wa likita ya gani. Rifampisin na tarin fuka ba ya haɗuwa da waɗannan ƙwayoyi sam, yana kashe ƙarfinsu, haka kabamazefin da fenitoyin na farfaɗiya. Amiyodaron na zuciya idan ya haɗu da sofosbubir yana iya rage bugun zuciya har ya kai ga haɗari. Maganin olsa irin omeprazol, wanda masu dashe da yawa suke sha, yana rage shigar belpatasbir cikin jini, dole a tsara yadda za a sha su. Wanda kuma yake kan saiklosporin maimakon takrolimus, akwai haɗin da ba a ba shi. Waɗannan ba abubuwan da mai kemis na unguwa zai warware ba ne, komai kyan niyyarsa.

Batun tsada kuma, gaskiya yana da nauyi ga talaka, amma ba kamar farkon fitowarsa ba, tun da kamfanonin Indiya da Masar suka fara yin nasu. Masar ma a da ita ce ta fi kowace ƙasa fama da wannan ciwo, sanadin allurar tsargiya da aka yi wa jama'a shekaru da dama da sirinjin da ba a dafa shi sosai ba, amma ta gwada miliyoyin mutane daga 2018 ta ba su magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023.

Inna daga Dukku:
Ku gafarce ni in shigo da tawa, tunda maganar ɗaya ce. Mijina ake shirin yi wa dashe, ƙaninsa ne jininsu ya dace, amma gwaji ya nuna ƙanin yana da nau'in C. Shi ke nan an rasa wannan ƙodar?

Dakta:
Ba lallai ba ne, Inna. A fara yi masa PCR, mai yiwuwa ma jikinsa ya riga ya kawar da ita. Idan tana nan, a yi masa magani ya warke, a tabbatar hantarsa ba ta yi tabo ba, ƙodarsa kuma ba ta zubar da furotin, sai cibiyar dashen ta duba ko zai iya bayarwa. A Amurka sun wuce nan ma. A 2017 likitocin Jami'ar Pensilbaniya sun ba da rahoton mutum 10 marasa ciwon da aka dasa musu ƙodar mamata masu nau'in C, da saninsu da yardarsu, aka ba su magani bayan dashen, dukkansu suka warke, kuma yanzu abin ya zama ruwan dare a can.

Maman Abba:
Dakta, wannan kam ban yarda da shi ba. A ɗauki ciwo da gangan a sa wa mutum, don ana da magani? Idan ya faɗa cikin 'yan kaɗan ɗin da maganin bai yi musu aiki ba fa?

Dakta:
Tambayarki a wurinta take, Hajiya. Su abin da suka auna shi ne mutum yakan yi shekaru yana jiran ƙodar mamaci, wasu suna rasuwa a layin, ga kuma ƙodoji masu kyau ana zubarwa, sannan wanda maganin farko bai yi masa ba akwai na biyu. Mu kuwa yanayinmu daban ne. Tun da aka fara dashe a Legas a 2000, aka bi da asibitin koyarwa na Aminu Kano a 2002, daga rayayyu ake karɓar ƙoda, galibi dangi. Mai bayarwa yana raye, ana iya jiran wata 6 a yi masa magani a tabbatar ya warke, saboda haka ban ga dalilin gaggawar da za ta sa a dasa da ƙwayar ba, sai fa idan jiran zai jefa majinyacin cikin haɗari, kuma an tanadi maganin a hannu tun kafin a shiga tiyata.

Sista:
Kada maganar matar yaya ta ɓace mana. Baban Hanifa, ka gaya wa antinka cikin ladabi ta mayar masa da kwanonsa cikin na gida. Wannan ciwo ba ya bin abinci, ko kofi, ko gumi, ko musabaha, ta jini yake tafiya. Abin da za a ware shi ne reza, abin yanke farce, buroshin haƙori da asuwaki, kuma idan zai je aski ya tafi da kayansa. Tsakanin mata da miji yaɗuwarsa kaɗan ce ƙwarai, amma ta yi gwaji don hankalinta ya kwanta. Nau'in C ba shi da rigakafi, na B ne yake da shi, saboda haka duk wanda gwaji ya nuna ba shi da B a gidan ya je a yi masa allurar, har da shi yayan idan bai samu ba, domin ba ta cikin alluran da ake hana masu dashe.

Baban Hanifa:
Allah ya saka muku da alheri. Zan kai maganar gida, mu fara da PCR ɗin, sannan mu koma wurin likitan ƙodarsa da ledar magungunan. Tambaya ɗaya ta rage: idan ya warke, shi ke nan ba zai sake kamuwa ba?

Ɗan Azare:
Zai iya sake kamuwa idan ya sake haɗuwa da jinin mai ɗauke da ita, warkewar ba ta zama kariya. Kuma ku sani tsinken zai ci gaba da nuna layi biyu, mai yiwuwa har ƙarshen rayuwarsa, ko da ƙwayar ta tafi. Saboda haka takardar PCR ta bayan magani a adana ta da kyau, a ɗauki hotonta a waya, domin duk ranar da aka nemi gwajin aure, ko na tafiya aiki waje, ko za a kwantar da shi a wani asibiti, ita zai nuna. Idan kuma hoton hanta ya nuna ta riga ta ƙandare kafin a fara maganin, to ko bayan warkewa zai ci gaba da yin hoton duk wata 6 saboda sa ido kan kansar hanta.